Waƙar Da Ta Maƙale A Lamba Ta Takwas

Baiwar Allah da ta rubuto a ƙarƙashin rubutuna na makon jiya ta ce, "Nusaiba, ke dai ba ki san abin da kike so ba," ina gaishe ki, kuma ban yi fushi ba. Gaskiya kika faɗa. Sai dai ki gyara zama ki ji yadda aka yi na kai ga haka, don yau zan faɗi abin da ko Innarmu ba ta sani ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ina aiki ne a wani ɗan gidan radiyo a nan Agiye, ɗaki biyu da rumfa. Ba a jin muryata. Ni ce mai kaye, wato littafin ƙirga. Kowace Juma'a da ƙarfe uku Malam Gado yana gabatar da shirin Goman Mako, wato waƙoƙi goma da masu sauraro suka fi nema. Mutane su aiko da mesaj ko vokal, wato saƙon rubutu ko na murya, a wayar gidan radiyo, ni kuma in zauna da bik, wato biro, kowace waƙa da layinta a kaye, ina jan sanda ɗaya bayan ɗaya. Ranar Juma'a in haɗa, in rubuta goman farko a takarda in miƙa masa. Dokar Malam Gado guda ce tak: waƙar da ta fita daga cikin goma ta fita ke nan, ba a ƙara sa ta. Shi yakan ce ta tafi hutu.

To, akwai wata waƙa, "Motar Ƙarfe Huɗu". Na san yawancinku ba ku taɓa jin ta ba, kuma ba ku yi asarar komai ba. Ba a sa ta a gidan biki, ba a yi rawarta a waya. Iyakar hawan da ta taɓa yi lamba ta shida, shi ma mako guda. In ka kasa kunne sosai, wajen tsakiya za ka ji zakara ya yi cara, don a bayan shagon wani aka ɗauke ta a Maradi. Wanda ya rera ta sunansa Rabilu, mai teburin cajin waya da tura waƙoƙi a tashar Gazawa.

Bara ina zuwa Gazawa sau biyu a mako karɓo sanarwa da gaishe-gaishe na radiyo, in dawo a motar ƙarfe huɗu. Wajensa nake sa caji. Daga "Malama, wayarki ta cika" muka koma "Malama, ki bari sai mota ta gaba". Ran nan ya sa mini abin ji a kunne, ya kau da kai kamar ba shi ba. Sai na ji muryarsa:

*Motar ƙarfe huɗu, direba dakata kaɗan,*
*akwai sauran magana da mai koren mayafi.*

Koren mayafina yana kafaɗata a lokacin. Ku faɗa mini tsakani da Allah, wace ce a cikinku za ta tsaya sauraron zakara?

Wata tara ke nan da ya tafi Aljeriya neman abin aure. Ranar da zai tafi, a bakin mota, na tambaye shi yaya zan san yana nan a kan maganarsa, tunda an ce can waya wuya take. Ya yi dariya ya ce, "Muddin kina jin waƙar nan a radiyonku, ki sani ina nan." Wataƙila shi wasa yake yi. Ni kuwa na ɗauki maganar na ƙulle a bakin zane.

Watan farko yana kira. Daga nan sai vokal, daga vokal sai hoton fure ranar Juma'a, daga fure sai shiru. Ita ma waƙar ta fara gangarowa, bakwai, takwas, tara. Wata Alhamis na ƙirga na ga sandunanta bakwai ne kacal, ta goma tana da goma sha ɗaya. Na dubi ƙofa, na dubi kaye. Na ja sanda shida da babu wanda ya aiko su.

Ga shi na faɗa. Wata biyar ina yi. Ba na kai ta sama, don kada a gane. In ajiye ta a ta takwas, wani makon ta tara, in sake mayar da ita ta takwas. Har Malam Gado ya fara tsokana a iska: "Jama'a, ga tsohuwar gida, ta ƙi hawa ta ƙi sauka." In yi dariya tare da shi. Waƙoƙin yara nawa na tura hutu ba da haƙƙinsu ba, ban ma so in ƙirga.

A gida kuma ga abin da ke jira na. Ƙanwata Nazira tana da mai so, danginsa sun zo gaisuwa tun kafin damina, an ce su dakata sai yayarta ta fitar da nata. Baba bai taɓa ce mini dole ba. Inna ce dai ba ta gajiya. Ina tankaɗe ta ce, "Shekara ashirin da biyar." Ina wanke-wanke ta ce, "An sa ranar 'yar gidan Alhaji Isaka, wadda kika goya." Nazira kuwa sai ta buɗe akwatinta ta jera atamfofi a kan gado, ta sake ninkewa a gabana. Wannan ya fi maganar Inna ciwo.

Sai ga Safiyanu. Mutumin Gidan Rumji ne, aiki ya kawo shi Agiye, yana yawon ƙauyuka a kan moto, wato babur, yana raba wa manoma irin wake yana nuna musu yadda za su adana shi. Dogo, baƙi, ba shi da yawan magana, kuma kullum akwai ƙaiƙayi a ƙafar wandonsa ko da shadda ya sa. Ya zo ba da sanarwa a radiyo ya gan ni, bayan mako biyu ya yi sallama a ƙofar gidanmu. In zai zo ba ya kawo turare ko cakulan. Gyaɗa yake kawowa, ko kankana, wata rana har da zabuwa a ɗaure a bayan moto. Inna ta ce wannan shi ne mutum. Ni ma ban ƙi shi ba, nan ne matsalar. In na ji ƙarar motonsa sai in tsinci kaina gaban madubi ina gyara ɗaurin kallabi, sannan in tuna da Rabilu in ji kamar na yi sata.

Makonni shida da suka wuce na yanke shawara. Na ce daga yau ba zan ƙara ko sanda ɗaya ba, waƙar ta faɗi in za ta faɗi, in ta faɗi na san Allah Ya raba. Makon nan ko abinci ban iya ci ba. Safiyanu ya zo ranar Talata ya tarar da ni kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi, na ce masa ciwon kai ne.

Ranar Alhamis na buɗe wayar radiyo na fara ƙirga. Sanda goma sha bakwai. Na gaske, daga lambobi dabam-dabam. Na sake ƙirgawa, na goge ido, na sake. Lamba ta takwas.

Mako na gaba goma sha tara. Na bayansa goma sha shida. Kaina ya ɗaure tamau. Na ce ko ishara ce aka yi mini in ci gaba da jira. Na ce ko Rabilu ne yake sa abokansa daga can, yana yi mini magana ta hanyar da muka yi alkawari. Har na ɗauko koren mayafin daga ƙasan akwati na wanke na goge. Safiyanu ya zo, na bar shi tsaye a zaure kusan rabin awa, na fito ina amsa masa da ƙyar. Ya ajiye kankanarsa ya tafi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne duk mesaj ɗin iri ɗaya ne, "Waƙar mota", shi ke nan, ba gaisuwa ba suna. Masu neman waƙa na gaske sai sun gaishe da mutum goma kafin su faɗi abin da suke so. Sannan ranar Larabar makon jiya wani vokal ya shigo. Muryar dattijo ce, ana jin akuya a bayansa:

"Salamu alaikum mutanen radiyo. Ni ne Rabo, daga nan gabas da Gazawa. Malamin wake ya ce a zaɓi waƙar mota, to na zaɓa. Kuma in kun gan shi ku gaya mishi buhun da ya ba ni bakin ya yage."

Sau huɗu na saurara. Malamin wake. Duk faɗin Agiye da Gazawa mutum ɗaya ake kira haka.

Na rubuta masa: "Ka zo yau bayan la'asar. Akwai magana."

Ya amso: "To. In taho da kankana?"

Na rubuta: "Kada ka kawo komai."

Na sa doguwar riga ruwan toka, ban shafa ko hoda ba, na shimfiɗa tabarma a zaure na zauna can ƙarshenta. Da ya shigo ko gaisuwa ban bari mun gama ba, na kunna masa muryar Malam Rabo. Ya saurara har ƙarshe, ya cire hula ya sosa kai.

"Buhun nan kau na ce mishi kada ya ja shi a ƙasa," in ji shi.

"Malam Safiyanu, ba maganar buhu nake ba."

"Na sani."

"Ka san wanda ya yi waƙar?"

"Na sani. Na san kuma wadda aka yi ma ita. Mace nawa ke shiga motar ƙarfe huɗu daga Gazawa da kaye a hannu?"

Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na ce, "To don me? Ba'a kake yi mini?"

Ya daɗe yana juya hular a hannunsa. Ya ce ranar Talatar da ya same ni ba lafiya, da zai fita ya tsayar da Nazira a ƙofa ya tambaye ta abin da ke damuna. Ita kuwa bakinta ba ya riƙe ruwa, ta zayyane masa komai, har da maganar bakin mota. Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, waƙar ta kusa faɗuwa, da ta faɗi Yaya za ta amsa.

"Sai na ji abin bai yi mini daɗi ba," ya ce. "In wagga waƙa ta faɗi ran Juma'a, Asabar ki ce kin yarda da ni, to mi na samu? Ban so a ba ni ke don wani ya saki. Na ce bari in riƙe ta, ki samu lokaci ki dube ni da idonki, in kin ga abin so ki faɗa tana nan a radiyo. Duk ƙauyen da na shiga sai in roƙi mutum biyu ko uku su aika."

"Sai ga shi na koma jiran sa."

"Sai ga shi kin koma jiran shi. Ranar da kika bar ni tsaye a nan na gane na yi wauta. Amma na rasa yadda zan daina, don ina tsoron ganin ki kamar waccan Talata."

Ban san lokacin da na fara kuka ba, kuma ban san na mene ne ba. Haushi nake ji, tausayi nake ji, wani abu kuma yana narkewa a ƙirjina da ban san sunansa ba. Cikin kukan na gaya masa nawa laifin, sandunan ƙarya na wata biyar. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai shi. Na zaci zai tashi ya kaɗe rigarsa.

Dariya ya yi, 'yar ƙarama, ba ta mugunta ba. Ya ce, "Ashe ni da ke muka yi ta dakon alkawarin bawan Allah, ke wata biyar, ni wata guda." Sannan ya daina dariyar ya dube ni. "Nusaiba, tambaya guda zan yi, kada ki amsa mini. Shi mai waƙar, sau nawa ya taɓa aiko da nashi zaɓen?"

Ya sa hularsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce daga ranar zai gaya wa mutanensa su daina, kaye kuma yana hannuna, bik yana hannuna, duk abin da na rubuta shi ba zai tona ni ba.

Washegari na tafi buro, wato ofis, da wuri na zauna da wayar radiyo, na bi saƙonni baya har na wata tara. Yatsana ya gaji da ja. Lambar waje ko ɗaya babu.

A ranar ne kuma Baba ya kira ni bayan ya dawo daga kasuwa. Yana zaune a kan buzunsa yana gyara carbi. Ya ce, "Uwata, ba zan zaɓa miki ba, kin sani. Amma mutanen Nazira sun sake aikowa, an gama girbi, ba ni da sauran abin da zan ce musu. Juma'ar mako mai zuwa bayan la'asar ki zo ki gaya mini, ko yaron nan na Gidan Rumji ya turo, ko in sallame shi ya nemi wata. Riƙe shi haka ba adalci ba ne." Na ce to, Baba.

Mako guda na yi ina yawo kamar ba ni ba. Na zuba sukari a miya. Na tafi aiki da takalmi wari dabam-dabam, sai a bakin gudron, titin kwalta, na lura. Safiyanu bai zo ba, bai kira ba, mesaj ɗaya kawai ya turo ranar Litinin: "Na kai ma Malam Rabo sabon buhu." Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, sannan na kifa kai a matashi. Nazira ta shigo ta tsaya a kaina.

"Yaya, ki yafe mini, ni na gaya masa."

"Na sani."

"To wa kike so a cikinsu?"

"Nazira, da na sani da kin daɗe a ɗakinki."

Jiya Juma'a, ƙarfe biyu da rabi, na haɗa lissafi. Waƙar da ke ta goma tana da sanda tara. "Motar Ƙarfe Huɗu" tana da biyu. Ɗaya daga wata yarinya ce a Gazawa. Ɗayan kuma Malam Rabo ne, ba wanda ya sa shi. Ya ce shi dai yanzu waƙar ta shiga ransa, musamman wajen da zakaran nan yake cara.

Sanda takwas kawai take buƙata. Na ɗora bakin bik a kan layin har ya yi ɗigo. Na tuna bakin mota, na tuna yadda Rabilu ya kau da kai ranar da ya fara sa mini waƙar. Wallahi ina son wannan yaron na ranar, har yanzu ina son sa. Malam Gado ya ƙwanƙwasa gilashi yana nuna mini agogo. Na ɗauke bik ɗin, na rubuta goman da mutane suka zaɓa, na miƙa masa.

Ya duba takardar, ya ɗago gira. "Tsohuwar gida fa?"

"Ta tafi hutu, Malam."

"Allah Sarki. Ta yi ƙoƙari."

A iska ma haka ya faɗa, ya yi mata addu'a kamar mutum, ya sa ta goma. Na zauna ina jiran in ji duniya ta rushe. Ba ta rushe ba. Fanka tana juyawa, mai ƙosai tana kiran ciniki a waje. Abin da na ji shi ne yunwa, irin wadda na yi wata da watanni ban ji ba.

Na taka zuwa gida a ƙasa. Na yi sallar la'asar, na buɗe akwati zan ɗauki mayafi, koren yana sama a goge. Na ɗaga shi na ɗauki shuɗin da ke ƙarƙashinsa. Inna tana tsakar gida tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince, Nazira ta laɓe a bakin madafa. Ina jin Baba yana gyaran murya a rumfarsa.

Sai wayata ta yi ƙara a kan gado. Lamba ce doguwa, ta waje. Wata shida ban ga irin lambar nan ba. Na buɗe.

"Slm. Wani abokina a Gazawa ya ce yau ba a sa waƙata ba. Ya aka yi? Ki duba mini don Allah, ina son in nuna wa wani mai studiyo a nan cewa har yanzu tana cikin goma."

Na karanta sau uku. Na ja sama ko akwai wani saƙon kafin shi, na ja ƙasa ko akwai na bayansa. Ina neman sunana, ko "ya kike", ko da hoton furen nan ne. Babu. Ashe duk watannin nan yana da waya, yana da mai ba shi labarin lamba ta takwas kowace Juma'a.

A ƙasan allo na ga alamar yana sake rubutu. Ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Nusaiba," in ji Baba daga rumfa, "ina jiran ki."

Na kifa wayar a kan gado tana ta rubutunta, na yafa shuɗin mayafi, na fita.